Garwashi Cikin Toka

An tashi makaranta. Malamar Turanci tana goge allo, saura kalma ɗaya: curfew. Malamin lissafi, wanda ya shekara uku yana neman aurenta, ya shigo ya zauna kan bencin yara.

"Baba ya sake cewa a dakata ko?"

"Sai Mama ta samu sauƙi," ta ce, ba ta juyo ba. "In na tafi, wa zai riƙa juya ta a gado?"

Ya nuna allon da haɓa. "Wannan ba dokar hana fitar dare ba ce?"

"Ita ce. Asalinta daga Faransanci ne, wai rufe wuta. A da, in an kaɗa ƙararrawar dare, kowa sai ya lulluɓe garwashinsa da toka." Sai yanzu ta dube shi. "Ba kashewa ake ba, Malam. Da safe a tono."

Ya daɗe yana kallon farin alli a yatsunta.

"Na gane, Malama. Ni ma yau da safe na tona tawa wutar. Wallahi toka ce har ƙasa."

Ta juya ta goge kalmar. Allon ya fita fes, amma hannunta bai daina gogewa ba.