Taswirar da Baba Ya Yaga

Ina aji biyar a makarantar Turawa a Riyad aka ba mu aikin gida: mu shafa wa taswirar Amurka launi, kowane yankin da ta haɗiye kafin yaƙin basasarta da nasa. Bayan la'asar na baje a falonmu na unguwar Badi'a, na'urar sanyi tana gurnani. Ina cikin shafa ja a ƙasar da aka ƙwace wa Meziko, Baba ya shigo daga asibiti, ko takalmi bai cire ba.

"Mene ne wannan?"

Na karanto masa da alfahari: "Malama ta ce Amurkawa sun yi imani Allah ne ya ƙaddara musu ƙasar, har bakin teku."

"Mutanen da ke ciki fa? Da bayin da suka kai can su yi musu noma?"

Na ce ba a ba mu launinsu ba.

Ya fizge takardar, ya yaga ta biyu. "Kowane ɓarawon gona da sunan Allah a bakinsa. Khalas, magana ta ƙare! Ba a gidana ba."

Na fashe da kuka, na ce sifili za a ba ni.

"A ba ki."

Aka kuwa ba ni, a gaban 'yan aji. Shi bai je ya yi bayani ba, ni ya bari da kunyar, kuma har yau ina jin haushinsa. Amma duk wanda ya ce mini Allah ne ya ba shi, sai na dubi ƙafarsa in ga gonar wa ya taka.