Sharaɗin Mai Abinci

Mai abinci ta dire wa direban farantinsa, jajir da barkono. Tun hatsarin da ya yi, harshensa ya daina sanin gishiri da zaƙi, sai zafi kawai.

"Ki aure ni," ya ce, idonsa kan cokali. "Girkinki kaɗai ke tuna min ina da rai."

Ta shiga goge teburin da ba datti. Jiya yayarsa ta zo mata da kuka, wai likita ya ce barkonon nan ke cin cikinsa.

"In na aure ka, ba sauran yaji a tukunyata. Ka yarda?"

A hankali ya jawo farantin gabansa, ita kuwa ta kasa ƙwacewa.