Ƙafa ta Bakwai

Da fasto ya ce yau za mu wanke wa juna ƙafa, yadda Yesu ya yi wa almajiransa, ni na fara tsalle.

"Ku kawo su," na ce, "har masu kaushi kamar bayan kada!"

Na durƙusa da roba da tawul. Ba ruwana da fuska, ƙafa kawai nake tsokana. "Malam tela, keke ya cinye maka diddige!" Coci ya ɗauki dariya.

Ta bakwai ta shigo ruwa. Babban yatsa a karkace, farcen ya rabe biyu. Shekara goma sha biyu rabona da ita. A lokacin ina ƙarƙashin gado na gan ta tana sauka a haƙarƙarin Mama. Har yau Mama ba ta iya dogon numfashi.

"Ɗana," in ji babana, can ƙasa-ƙasa. "Na tuba."

Na waiga. Mama na benci na biyu, ta dafe ƙirji. Ta gyaɗa mini kai.

Na mayar da idona kan ƙafar. Ruwan har ya fara hucewa.

Na ɗauki sabulu.