Direban Da Ya So Ya Yaudari Jininsa

Duk garejin kamfanin babu mai kiransa da sunansa, sai Mai Tumbi. Shi ke tuka bas ɗin ma'aikata, kuma sai ya ja kujera baya sosai kafin tumbin ya bar sitiyari ya juya. In abokan aiki suka tsokane shi, sai ya shafa abinsa ya ce, "Alamar hutu ce. Ku je ku nemi naku."

Da aka gano yana da ciwon suga, asibiti suka ce ya riƙa zuwa awo duk wata. Shi kuwa Allah ya hore masa dabara. Ranar awo na matsowa, sai ya yi sallama da lemon kwalba da shayi mai zaƙi, ya kwana da yunwa, da safe a tsira masa allura a ɗan yatsa. Na'ura ta nuna lamba mai kyau, ya yi godiya, ya tsaya shagon da ke bakin asibiti ya rama duk abin da ya wuce shi.

"Baban yara, wai wa kake yi wa wayo?" in ji matarsa.

"Ke dai ba ki san aiki ba. Mota ma in za a kai ta dubawa, ai sai an wanke ta."

Likitar ta sha ce masa ya bari a ɗebi jini ta hannu a yi babban gwaji. Kullum da uzurinsa: ma'aikata na jira.

Sabon takalmi ne ya tona asiri. Ya goge masa ƙaramin yatsan ƙafar dama, ƙafar birki. Bai ji zafi ba, ya ɗauki hakan a matsayin ƙoshin lafiya. Sai da matarsa ta ji warin safarsa, ta tilasta shi ya miƙo ƙafar, ta ga yatsan ya yi baƙi ƙirin.

Wannan karon ba a nemi shawararsa ba, aka ɗebi jinin. Da sakamako ya fito, likitar ta zauna a bakin gadonsa.

"Malam direba, wannan gwajin ba ruwansa da abin da ka ci jiya. Yana faɗin yadda sukarinka ya yi ta hawa tun watannin baya. Sauran gwaje-gwajen kuma sun nuna kitse ya yi yawa a jininka, ga alamun kumburi a jijiyoyin jini. Hanyoyin sun tsuke, jini ba ya isa ƙafar yadda ya kamata."

"Amma likita, na'ura kullum cewa take lafiya lau."

"Ta faɗi gaskiyar safiyar da ka shirya mata. Yatsan dai ya tafi. Za mu yi ƙoƙarin buɗe hanyar jinin. In bai yiwu ba, sai dai a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa."

Mai Tumbi ya kalli ƙafar da take ciyar da gidansa. Babu kamfanin da ke ɗaukar direba marar ƙafar birki. A karon farko a rayuwarsa, dabara ta ƙi zuwa.

Da ya farfaɗo bayan tiyata, ya kasa ɗaga mayafin. Matarsa ce ta yaye masa. Ga gwiwa, ga ƙwauri, ga diddige, ga ƙafa naɗe da bandeji. Ya motsa ta sama da ƙasa kamar mai taka birki, ya saki ajiyar zuciya har gadon ya girgiza.

"Alhamdu lillahi. Daman wannan yatsan bai taɓa taka mini komai ba."

Matarsa ta share hawaye. "To, baban yara, an wanke motar?"

"An sauke inji dai," in ji shi.

Ya koma bakin aiki bayan ya warke. Kujerar bas ɗin ta matso gaba kaɗan, gorar ruwa ta maye gurbin lemon kwalba, kuma da kansa yake naɗe hannun riga ya miƙa hannu a ɗebi jini.

Jama'a, ƙiba da ciwon suga suna cin jijiyoyin jini a ɓoye, ba tare da zafi ba. Ku yi gwajin da likita ya nema, ku je masa da jikinku na kullum. Wanda ya yi wa awo wayo, ƙafarsa ya cuta, kuma ba kowa ke tsira da rashin yatsa ɗaya kawai ba.