Magudanai a Kan Leda

A wannan rabon ma ruwa bai iso gonar Baba ba. Tasa ce ta ƙarshe a bakin kanal, manoman da ke sama sun datse ruwan, tumatirinsa duk ya langaɓe.

"An ce magudanan ruwa kike yi a jami'a," ya ce da ni, idonsa na kan shukar.

Na ciro waya na nuna masa hoton aikina da aka ƙara wa girma. Na ce leda ce mara kauri, muna ɗumama ta tsakanin faranti biyu mu sakar mata lantarki, sai ta tattare ta fitar da layuka ƙanana da ido ba ya gani, su ne magudanan da ruwa ke bi. Gaba ɗayanta ba ta fi farce ba.

Ya daɗe yana kallo. Hoton sak filayen noman rani na nan Kadawa.

Ya ɗora tsagaggen yatsansa a can kusurwar ƙarshe.

"Nan ma ruwan yana zuwa?"

"Yana zuwa, Baba. Ko'ina daidai."

Ya goge wayar da bakin rigarsa, ya miƙo min da hannu biyu.

"Mai gonar nan ya dace," ya ce.