Injin Da Ya Ƙi Hucewa

Miftah ya ɗora tafin hannunsa a kan injin baƙin babur ɗin, ya janye da sauri. Da zafi.

Tsofaffin babura biyu 'yan Italiya ya zo dubawa a garejin Alhaji Mabruk da ke Turabulus. Jan ya fi ƙyalli, amma baƙin ne ya kwanta masa a rai. Sai dai duk mai tara irinsu ya san ƙa'ida: da sanyinsa ake gwada inji. Ba mai ɗumama shi kafin mai saye ya iso sai mai ɓoye cuta.

"Haba Alhaji, da furfurarka? Ai ka tayar da shi kafin in zo."

Tsohon ya buɗe tankin. Babu ko ɗigon mai, sai tsatsa.

"Na ƙanena ne, ɗana. Shekara talatin da binne shi, kuma kowace safiya haka nake tarar da injin. Ka ɗauke shi, ko kyauta ne."

Miftah ya yi dariyar yaƙe, sai idonsa ya faɗa kan kujerar babur ɗin. Fatar ta lotsa a tsakiya, tana tasowa a hankali, kamar yanzun nan wani ya sauka.