Ruwa a Kujerar Kumandan

Ruwan farko na daminar 1938 ya sauka a Madawa, rabinsa kuma ya sauka a cikin motar kumandan, Baturen Faransa mai mulkin garin. Da safe Illa sofer, direban motar, ya buɗe ƙofa, ya tarar kujerar baya ta sha ta ƙoshi.

Motar sabuwa ce fil, mai rufin da ake turawa baya a sha iska. Tun ranar da aka damƙa wa Illa makullinta ya manta hanyar Tama, garin da aka yanke masa cibiya. Ya sa kaki, ya karkace hula, ya haddace Faransancin da bai cika cokali ba yana jifan mutane da shi. In ya ga kwatami a hanya, sai ya jira masu tafiya a ƙasa sun zo daidai kafin ya faɗa ciki.

Tsohuwarsa Hajo ta biyo shi Madawa don ba ta da kowa sai shi. Kullum takan kawo masa fura garaji, kullum yakan tare ta a bakin ƙofa don kada 'yan gardi-sarki, dogaran kumandan, su ga tsohon zanenta. Ba ta taɓa jin haushi ba. Sai ta leƙa motar, ta yi ta motsa leɓe, ta koma gida wajen kaɗinta.

Kumandan bai tsawaita magana ba. Akwai rangadin Keita a gaba, kuma da Madam matarsa za a tafi. In rigarta ta jiƙe, Illa zai ajiye makulli ya ɗauki kwando, ya shiga ayarin masu aikin hanya, cikin mutanen nan da ya saba watsa wa taɓo. Wannan ne ya hana shi cin tuwo.

Ya shafe gefen rufin da ƙaro, ruwa ya shiga. Ya bi da kitsen rago, ruwa ya shiga, tururuwa ta biyo baya. Ya ɗaura tabarma a kai, garin ya samu abin dariya. Mutumin da ke cewa ya san mota fiye da wanda ya ƙera ta, ga shi yana tsane ta da ƙoƙo.

Da dabara ta ƙare sai ya koma neman maƙiyi, don Illa bai taɓa yarda laifi zai iya fitowa ta ɓangarensa ba. Ya tuna kafin damina ya taɓa ganin ɗan ƙaramin sawun ƙura a kan kujera, kamar wani ya tsaya a kai babu takalmi. Nan take ya ɗora wa Takawa, gardin da ke tsaron garaji, wanda ya taɓa roƙon a koya masa tuƙi. Ƙafar Takawa ta kai faifai faɗi, amma Illa bai tsaya gwada sawu ba.

Ana cikin haka wani kamyo, babbar motar kaya, ya iso daga Ƙwanni, da makaniki a ciki mai suna Alƙasim. Kumandan ya sa aka kira shi. Alƙasim ya ture rufin baya, ya nuna wasu 'yan ramuka a kusurwoyi huɗu. Ya ce indararon motar ke nan, ruwa kan taru a gefen rufi ya bi ta tiyo ya zube ƙasa. Ya zura waya, ta cije. Ya lanƙwasa bakinta ya jawo, sai ga dunƙulen kakin zuma da ɓarɓashin saiwa, an naɗe da zare tsaf. Haka ya fitar a kowace kusurwa. Ya tuttula buta ɗaya a kan rufi, ruwan ya tsiyaye ta ƙarƙashin mota.

"Wanga ba ginin zanzaro ba ne," in ji Alƙasim. "Hannun mutum ne."

Illa ya yi tsalle kamar an yi masa albishir. Ya nuna Takawa yana ihun makirci. Shi da bakinsa ya roƙi kumandan a yi wa mai laifin bulala ranar kasuwa, a jefa shi kaso, wato gidan yari, daga nan a wuce da shi aikin hanya. Takawa ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dushe.

Kumandan ya amince da hukuncin, amma ya ce nuna yatsa ba shaida ba ce. Illa ya kawo wanda ya toshe ramukan kafin kasuwa ta ci, in bai kawo ba hukuncin ya hau kansa, tunda amanar motar a hannunsa take. Illa ko gezau. Ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, ya ce ko ɗan wane ne, shi zai ja shi da hannunsa har ƙofar kaso.

Da la'asar ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai. Hajo na zaune a gindin zana tana kaɗi. Rabonsa da ya zauna kusa da ita an daɗe, amma yau yana bukatar mai sauraro. Ya ba ta labari daga farko, ya ƙara gishiri, ya kwatanta yadda waya ta zaƙulo mugun abin da maƙiya suka cusa.

Mazari ya suɓuce daga hannun tsohuwar.

"Sun hidda? Duka huɗun? Wayyo wahalata! Kai wannan, ai kahi ne na yi ma motag ga, yadda aka kahe gida, don kada maƙiya su raba ka da ita. Gobe ka bar mini ƙohwa buɗe in mai da abina."